Kana-Ina da Romon Taliya

Direbobin kamfanin dakon kaya ne suka raɗa masa Kana-Ina, kuma wallahi ba su zalunce shi ba. Aikinsa ke nan, ya zauna da waya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a aljihun gaba, yana bin sawun manyan motoci talatin da ɗaya a kan hanya. Ba sallama, ba tambayar gajiya, da ka ɗauka sai ka ji an ce kana ina. Har surukinsa ya taɓa yi wa wannan tambayar ranar da ya kira shi gaisuwar rashin lafiya. Tsohon ya ce yana gadon asibiti, shi kuwa ya ce to a daure a iso kafin la'asar.

Shekara goma sha shida ya yi da iyalinsa a babban birni, a wani gida da in an buɗe ƙofar firji sai mai wucewa ya tsaya ya jira. Mai gidan hayar mutum ne mai zumunci, duk shekara sai ya tako da ƙafarsa ya duba lafiyarsu, ya ƙara kuɗin haya, ya yi musu addu'a ya tafi. A ƙarin ƙarshe Kana-Ina ya ce abin ya ishe shi haka. Kamfaninsu na da reshe a wani gari mai sauƙin rayuwa, tafiyar yini guda, shi kuma ko a kan bishiya aka ɗora shi zai yi aikinsa in dai akwai sabis. Matarsa tela ce, ta ce keken ɗinki ba ya zaɓen gari. Auta, mai shekara biyar, tambayarta ɗaya ce, ko za a tafi da kyanwa. Saura 'yar fari.

Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Shekararta goma sha huɗu, ba ta da yawan magana. Da aka gaya mata zancen tashi ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba, ta dai dube shi ta ce, “Baba, to Asabar fa?”

Ga abin da take nufi. Shekara uku da suka wuce ruwan sama ya koro su wani ɗan shagon abincin mutanen Asiya da ke ƙarƙashin benen kasuwa, sai an sauka matakala ashirin da biyu. Tebur biyar ne a ciki da fanka ɗaya mai kuka. Aka kawo musu romon taliya mai citta da baƙin ruwan waken suya, da tsinkaye biyu a gefe. Tun daga ranar, kowace Asabar da rana can suke, su biyu. Kana-Ina ya zama malamin abincin Asiya na ofishinsu, yana yi wa direbobi bayanin romo kamar can aka yanke masa cibiya, alhali ya shekara guda kafin ya iya ɗaga taliya da tsinkaye ba ta faɗa masa a riga ba. Aibi ɗaya ya gani a wurin, kuma duk sati sai ya faɗa: sabis ba ya shiga. Da ka sauka matakalar nan, waya ta zama dutse.

Don haka da ta yi tambayar sai ya bugi ƙirji, ya ce kada ta damu, mutumin da ke gano tirela a tsakiyar daji ba zai rasa kwanon romo a cikin gari ba. Ya ba kansa wata ɗaya.

Sabon gidan kam sai a ce Alhamdulillahi. Ga fili, ga iska, ga firji ana buɗe shi ba a tare wa kowa hanya. 'Yar fari ta samu ɗakinta ita kaɗai, mai ƙofa, ta kuwa mori ƙofar nan. Daga makaranta sai ɗaki. Ta gaida shi da safe da kalma biyu, ta ɗauki abincinta ta shige. Labari ya kai kunnen Gwaggo, yayarsa da ta rage a babban birni, wadda ba ta taɓa jin matsalar wani ta kasa ba da ɗaki ba. Ta kira ta ce a turo mata yarinyar ta ƙarasa karatu a wajenta, tunda an kwashe ta an kai ta inda ba ta san kowa ba. Aka ja aka ja, aka tsaya a kan cewa in zangon karatu ya ƙare yarinya ba ta sake ba, za ta koma. Kana-Ina ya amsa da baki, amma tsoro ya kama shi sosai. Yana son yarinyar nan fiye da yadda ya iya faɗa, kuma ya san Gwaggo in ta karɓi abu ba ta mayarwa.

Sai ya fuskanci lamarin yadda ya iya. Ya manna taswirar garin a bangon falo, ya sayo fil masu jan kai, ya baza direbobi talatin da ɗaya, ya ce duk wanda ya ga rubutun da bai iya karantawa ba a jikin shago ya kira shi nan take. Kuma ya yanke hukuncin da shi a ganinsa tausayi ne: ba zai ja yarinya yawon nema ba, kada ta sa rai ta ga ba haka ba. Zai je shi kaɗai, sai ya tabbatar sannan ya kai ta. Ranar da yake da sarari kuwa ɗaya ce a mako. Asabar.

Shagon farko fitilu ne jajaye a ƙofa, da zanen wata dabba da mai zanen ya so ta zama dodo ta fito ƙadangare. Aka kawo masa taliyar da kowa ke dafawa a gida, da miyar tumatir. Ya nemi tsinkaye, ma'aikacin ya shiga ciki ya daɗe, ya dawo da tsinken sakace guda biyu a kan faranti. Na biyu ya tarar ya koma shagon faci, mai facin ya ce masu abincin sun tashi tun kafin gemunsa ya fito. Na uku a babban otal ne, inda aka kawo romo a kofin da bai fi na shan magani ba, da farashin da ya sa ya tambaya ko suna da dangantaka da tsohon mai gidan hayarsa.

A Asabar ta shida ya dace da wani a bayan kasuwar katako, shi ma a ƙarƙashin ƙasa. Romon ya yi kusa, kusa ƙwarai. Yana cikin ci ya zaro waya ya duba, babu sabis ko ɗigo. Ya ajiye tsinkaye ya ce a'a, wannan kuskuren an yi shi sau ɗaya, ba za a maimaita ba. Ya dawo gida ya cire fil ɗin wurin daga taswira.

Matarsa ta so ta gaya masa wani abu, Allah ya sani ta so. Sau uku tana farawa da “Baban yara, ka ga yarinyar nan,” sau uku ana kiransa tayar wata mota ta fashe a wani wuri. A na huɗu ta fasa, ta koma kan kekenta tana taka shi da ƙarfin da bai kamaci ɗinkin hular yara ba. Ita ce kuma a ƙarshe, don ta huta da taswira a falonta, ta ce masa tsohon da ke gyara mata keke mutumin Asiya ne, kuma shagonsa ƙamshin citta yake.

Asabar ta goma sha ɗaya ke nan, ta ƙarshe. An yi hutu, akwatin 'yar fari na bakin ƙofa, motar safiyar Lahadi za ta bi. Kana-Ina ya ɗauki kular abinci ya tafi. A bayan shagon, tsakanin kawunan kekuna da gwangwanayen mai, matar tsohon na dafa wa ma'aikatan wata masana'anta abinci. Ya kurɓa sau ɗaya, idonsa ya kawo ruwa. Shi ne, sak. Ya duba waya, sabis cike taf. Ya yi ta gode wa tsohuwar har ta fara tsarguwa.

Bas biyu ake hawa zuwa gida. A na biyun wani direba ya ɓata hanya da lodin siminti, Kana-Ina ya tsaya nuna masa hanya har shi ma ya wuce tasharsa da nisa. Kafin ya iso, taliya ta shanye romo tas ta kumbura, ta zama curi guda mai siffar kula. Duk da haka ya juye ta a kwano, ya jera tsinkaye, ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta da kansa.

Ta fito ta zauna. Ta dubi curin, ta dubi takalmansa da suka ci ƙasar unguwanni goma sha ɗaya. Ya shiga bayani da sauri, cewa a can wurin ba haka yake ba, romon sak irin na da ne, kuma abin farin ciki, har ya fi na da, don sabis ko'ina.

“Baba,” ta ce, “ni fa ba na son romon nan. Cittar ƙona min maƙogwaro take. Shekara uku haɗiyewa kawai nake yi.”

Ya dubi curin taliyar. Da ƙyar ya ce, “To Uwata, me ya sa kike zuwa?”

“A can ne kaɗai in na fara magana nake kaiwa ƙarshe.”

Kunya ta rufe shi, irin wadda ba a jin ta sai a gaban ɗan da ka haifa. Asabar goma sha ɗaya ya kwashe daga hannun yarinyar nan ya kai wa masu faci da masu otal, ita kuwa tana ɗaki tana jin fitarsa. Daga can ɗakin ɗinki keke ya yi shiru.

Sai wayar aljihu ta ɗauki ruri. Hannunsa ya tafi da kansa, shekara goma sha shida ba wasa ba. 'Yar fari ta sunkuyar da kai ta fara tura kujera baya. Ya zaro wayar, ya haɗa ta da 'yar'uwarta, ya jefa su cikin kular da ko wankewa ba a yi ba, ya murɗa murfin.

“Akwai wani a bayan kasuwar katako,” ya ce. “A ƙarƙashin ƙasa yake.”

“Da sabis?”

“Ko ɗigo.”

Ta tambaya ko suna sayar da farar shinkafa. Ya ce bai sani ba, bai tsaya ya duba ba. Ta ce to su je su duba, ta shiga ɗauko takalmanta, waɗanda sai da ta buɗe akwatin kafin ta same su.

Suna fita kular ta sake ɗaukar kuka a kan tebur, tana rawa tana matsawa gefe. Matarsa ta zo ta buɗe ta leƙa. Gwaggo ce ke kira, ba shakka tana so ta ji ƙarfe nawa motar gobe za ta iso. Ta mayar da murfin ta murɗa shi da kyau, ta koma kan kekenta.