Barkono da Motar Yayarsa

A layin makanikai ba wanda ya san shi da wani suna sai Barkono. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ɗan yatsansa na tsakiya a hannun hagu ya lanƙwashe tun ranar da jak ya zame masa yana ƙarƙashin wata motar kaya. Shekara talatin da huɗu yana gyaran inji a rumfa ɗaya mai rufin kwano, da rami guda a tsakiya, da benci wanda aka tokare ƙafarsa da mataccen batir. Sunan bai same shi a banza ba. In ka kawo masa mota ka fara koya masa abin da ke damunta, sai ya miƙa maka sifana ya koma ya zauna. Ya taɓa korar wani babban ma'aikaci da motarsa don ya buɗe inji ya tarar da baƙin mai ya daskare kamar kwalta. Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba, domin injin da Barkono ya rufe ba a sake buɗe shi sai in mai shi ne ya zalunce shi.

Mutum ɗaya ce yake sauke murya a gabanta, wato yayarsa. Ta girme shi da shekara goma sha ɗaya. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara shida, Yaya ce ta riƙe shi, tana karatun aikin ungozoma tana wanke masa kayan makaranta. Burinta ya zama likita, in ya gaza ko malami. Shi kuwa yana aji uku a sakandare ya fara sulalewa zuwa gareji, ya cusa littattafansa cikin tsohuwar taya. Ranar da ta kama shi ba ta taɓa lafiyarsa ba. Ta dube shi sama da ƙasa, baƙin mai har gwiwar hannu, ta ce shi ke nan, ta juya ta tafi.

Zumunci bai yanke ba. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa huɗu, kuma har gobe Auta take kiransa, ko a gaban surukansa ne. Amma motoci uku ta yi a rayuwarta, ko iskar taya ba ta taɓa kawo masa ya duba ba. Can tsallaken gari take kaiwa, wani gareji mai ɗakin jira da fanka, inda ma'aikata ke sa riga iri ɗaya. In an yi mata magana sai ta ce ba ta son haɗa zumunci da aiki. Barkono ya san ba haka zancen yake ba, yana dai haɗiyewa ne.

Saboda haka ranar da ya ɗago kai daga rami ya ga ƙaramar motarta mai ruwan toka a bakin rumfarsa, sai da ya goge hannu sau biyu. Yaya ta yi ritaya, amma kwana uku a mako tana taimakawa a wani ƙaramin asibiti. Ba ta zauna a bencin ba. A tsaye ta gaya masa cewa wata biyu ke nan in ta tayar da motar da safe sai ta yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, sannan ta yi shiru. Masu riga iri ɗaya sun canza fulogi, sun canza bel, daga ƙarshe sun ce sai dai a sauke injin gaba ɗaya.

Ya ce ta bar masa ita ta kwana. Washegari da safe, injin ya yi sanyi ƙalau, ya buɗe bonet, ya sa maƙwabcinsa mai gyaran birki ya murɗa makulli, shi kuma ya kafa kunne. Ƙarar ba ta wuce numfashi biyu ba, amma ta ishe shi. Ya ja tsaki mai tsawo, ya ce mutanen da ke son sauke inji a kan wannan ko keke bai kamata a ba su ba.

Da ta zo, ya yi mata bayani a hankali. A saman injin akwai sandar da ke buɗe bawul tana rufewa, a bakin sandar kuma akwai wata giya, faifan ƙarfe mai haƙora, da sarƙa ke ja. A irin waɗannan motoci giyar ba dunƙulallen ƙarfe ba ce, tana da ɗakuna a ciki, baƙin mai ne ke shiga ya ɗan karkata ta gaba ko baya don bawul su buɗe a lokacin da ya dace da gudun mota. In an kashe inji, wani ɗan fil ne ke kulle ta. Fil ɗin ya cinye, shi ya sa da safe, kafin mai ya hau, take ta kaɗawa. Giyar kawai za a canza. Yaya ta ce to, da irin muryar da take amsa wa mai naƙuda in ta rantse yau za ta haihu alhali da saura mako.

Wajen Mai Tabarau ya nufa, mai sayar da kayan gyara a ƙarshen layin. Shekara ashirin da biyar suna tare. Kofin shayin Barkono ma a shagon yake kwana, a bayan kwalayen fitila. Ya faɗa masa lambar giyar, sannan ya ƙara da cewa, "Ta Yaya ce. Ka san abin da nake nufi."

Mai Tabarau ya yi dariya ya ce yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Ya shiga ciki, ya ɗan daɗe, ya fito da kwali sabo ƙal da leda a liƙe. Barkono bai ko juya kwalin ba, ya sa a hammata ya tafi.

Aikin ya yi shi kamar mai ɗinkin ido. Ya kwance murfin saman inji, ya jera notina a faranti bi da bi. Ya juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya hau ƙololuwa, ya ɗiga farin fenti a kan sarƙa daidai alamar kowace giya, domin haƙori ɗaya in ya goce, fistin zai iya cin karo da bawul, shi ke nan an yi asarar inji. Ya sassauta abin da ke ɗame sarƙar, ya ɗaure ta da waya kada ta faɗa ciki. Ya riƙe sandar da babbar sifana, ya danna da kafaɗa har ƙusar tsakiya ta saki. Ya zare tsohuwar giya, ya zaunar da sabuwa a mazauninta, ya ɗaure da ma'auni, ba da ƙiyasi ba. Ya sake juya injin zagaye biyu, fenti ya dawo daidai inda ya bar shi. Ya wanke 'yar rariyar da mai ke bi, ya zuba sabon mai, ya rufe.

Da ya tayar, injin ya tashi lumui. Sai dai ya san gwajin gaskiya sai ta kwana ta huce. Ya roƙi Yaya ta bari zuwa safe, ta ce tana da mata bakwai masu jiran awo gobe da sassafe, ba ta da lokacin wannan. Ta karɓi makulli ta tafi.

Yana karyawa da safe wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce. Yana ɗagawa sai ya ji an murɗa makulli, tsakuwar nan ta sake zubowa a gwangwani, har ta fi ta da. Sannan muryarta ta zo a sanyaye.

"Auta, kada ka damu, ba laifinka ba ne. Injinan zamani sai wanda ya yi karatunsu. Zan mayar musu."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya ajiye kofi da ƙarfi har shayi ya fantsama a tabarma. Matarsa ta tambaye shi lafiya, ya ce ta ƙyale shi, ya zari hula ya fita ko takalmi bai gama sawa ba. Ya isa gidan Yaya kafin ta fita, ya tare ƙofa, ya ce motar nan ba inda za ta sai rumfarsa, ta hau tasi. Ganin idonsa ya kaɗa ya yi ja, ta miƙa masa makullin.

Kansa ya fara tuhuma, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya duba fenti, daidai. Ya gwada abin da ke tura mai cikin giyar, lafiya lau. Ya auna ƙarfin mai, babu aibu. Mai gyaran birki ya leƙo zai yi masa barkwanci, ya ga fuskar, ya koma da abinsa a baki. Sai da rana ta take sannan ya sake zare giyar da ya sa jiya. Ya riƙe ta da hannu biyu ya murɗa. Abin da ya kamata ya tsaya cak sai ga shi yana wasa, ƙwas, ƙwas. Ya kai ta bakin rumfa inda haske yake, ya ga kawunan ƙusoshin bayanta da tabon makulli, alamar an taɓa kwance su. Ya kwance. Ciki cike yake da tsohon dagwalon mai, ramin fil ɗin ya cinye ya zama kamar ƙwai. Tsohuwar giya ce aka wanke bayanta, aka goge ta tana ƙyalli, aka sa a sabon kwali.

Bai yi gudu ba, amma duk wanda ya wuce a layin ya ba shi hanya. Shagon Mai Tabarau da mutane, huɗu ko biyar. Ya baje giyar a kan kanta gunduwa-gunduwa, bai yi sallama ba. Mai Tabarau ya fara rantse-rantse, wai haka aka kawo masa daga wajen dila, shi ma cutarsa aka yi, ina zai san abin da ke cikin leda. Barkono ya kafa masa ido. Kallon ne ya rikita shi, ya matso, ya rage murya.

"Haba abokina. Tsohuwa ce fa, daga gida sai asibiti. Wallahi na ɗauka za ta kai shekara ba a ji komai ba."

"Ashe ka sani."

Hannun Barkono ya kai kan babban ɓangaren giyar, ƙarfe mai nauyin da zai fasa kai, har wani direba ya riƙe masa gwiwar hannu. Ya fizge. Amma bai ɗaga ba. Ya tsoma yatsu biyu cikin dagwalon, ya shafa a gaban farar rigar Mai Tabarau, daga wuya har aljihu, a hankali, yana kallon cikin idonsa. Ya ce wa mutanen shagon kowa ya buɗe abin da ya saya ya duba. Ya zagaya bayan kwalayen fitila ya ɗauki kofinsa, ya kwashe ƙarafansa ya fita.

Sai da ya shiga shago shida a wata kasuwa kafin ya sami giyar da ta gamsar da shi. A gaban mai shagon ya yage leda, ya duba kawunan ƙusa, ya murɗa da iya ƙarfinsa, ta ƙi motsi. Ya sake aikin tun daga farko, ya hana kowa taɓa motar har ta kwana. Da safe ya aika aka ce Yaya ta zo.

Ya jera mata giya biyu a kan bencin, tata ta asali da ta Mai Tabarau a kwance. Ya nuna mata ramin fil, ya nuna mata dagwalon, ya gaya mata yadda ya karɓi kwalin wajen Mai Tabarau ya sa a hammata bai duba ba. Yana bayani muryarsa na hawa, har ya tsinci kansa yana faɗin abin da bai shirya faɗa ba. Ya ce tun ran farko ya gane ciwon da kunnensa, abin da masu karatun suka kasa a wata biyu. Ya ce shekara talatin da huɗu tana wuce rumfar nan kamar wurin zubar da shara. Ya ce ya riƙe gida da wannan hannun, ya aurar, ya sa yara a makarantar da take so, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayarsa me ya sani ba. Maƙwabta suka daina buga guduma. Tunda yake bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Yaya ta bari ya kai aya. Ta ɗauki fil ɗin da ya cinye, ta juya shi a tafin hannu, ta ajiye. Ta tambaye shi ko ya gama, ya ce ya gama. Ta ce to ya tayar. Ya murɗa makulli, injin ya tashi shiru, sai ɗan hucinsa.

Ta gyaɗa kai, ta ce ciwon ya gane shi, wannan ba ta musa ba, kuma maganar da ta yi a waya ta janye. Sannan ta gyara mayafi ta ce, "Amma ni shekara arba'in ina yi wa mata allura, ban taɓa zuƙa ban karanta kwalba ba, ko uwata ce ta miƙo min. Kai ka karɓi kwali ka sa a hammata."

Gaskiya ta faɗa. Wannan ta fi komai ƙona masa rai, kwana uku a gida ba mai iya yi masa magana.

Tun daga lokacin Yaya take kawo masa motar duk wata uku, kuma ba zuwan da ba sa faɗa, ko a kan mai, ko a kan kujerar da ya matsar bai mayar ba. Mai Tabarau ya turo dattawan layi sau biyu su ba da haƙuri, Barkono ya ba su wurin zama, ya saurare su, ya raka su bakin titi bai amsa ba. Shagon yana nan, ciniki bai ragu sosai ba, mutane sun manta. Shi dai in zai wuce sai ya tsallaka ɗaya gefen, ya bi ta gaban masu walda, ko da ana ruwa ne.