Faifan da Bai Yi Magana Ba

Akwai wani ƙugi da lasifika ke yi idan aka jona mata waya kafin a sa komai, wani dogon "zuuu" kamar ƙudan zuma sun shiga tulu. Ranar kasuwar da ta wuce na ji shi a bakin tasha, wani mai tallan magani yana haɗa kayansa. Sai na tsaya cak da cefane a hannu, raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru. Kai mai karatu za ka ce ƙugin waya ai ba abin fushi ba ne. Bari ka ji tukuna.

Babana mai gyaran rediyo ne a Dakoro. Teburinsa yana gindin wata bishiyar bedi, kullum yana warin dalmar da aka narka. Yana da ampili guda, wato injin ƙara sauti, da lasifika biyu masu bakin kakaki, da batirin mota, ana ɗaukarsa wurin suna da biki. Mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da har yau ban gama yafe masa ba.

Kakanmu, mahaifinsa, yana zaune a ƙauye kan hanyar Ajekoriya. A ciwonsa na ƙarshe, bayan an gama ɗaurin gero, ya aiko Baba ya zo da rediyonsa mai ɗaukar magana. Ina bakin ƙofar ɗakin ina ɓarar gyaɗa, na ji komai. Kaka ya ce gonar gabas, daga gawo zuwa suri, ya ba 'yarsa, Gwaggonmu, kyauta tun yana raye, domin mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Sau biyu ya faɗa, tari yana katse shi. Tsohon liman ne shaida, shi ma bai kai baɗi ba ya bi Kaka.

Babban ɗan Kaka, wanda muke kira Baba Babba, shi ya ci gaba da noma gonakin duka. Damina biyu Gwaggo tana kallo ana yanke gero a gonarta ana kai wa rumbun wani. Ita kuwa tana daka a gidajen mutane a ba ta dusa da ɗan tsaki. Da haƙurinta ya ƙare ta kai magana gaban mai gari, ta ce akwai muryar marigayi, a saurara.

Kafin nan, zafi ya riga ya cinye kaset ɗin da aka ɗauki maganar a ciki, muryar Kaka ta fara ja kamar mai magana a cikin rijiya. Baba ya kai shi Maradi wurin wani mai ordinata, wato kwamfuta, aka juye maganar a faifan sede, CD ke nan. Kaset ɗin ya tsinke a wurin aikin, amma an riga an ɗauke komai, Baba ya saurari faifan tun daga farko har ƙarshe, tas. Da ya dawo, maimakon ya ɓoye shi a ƙasan teburinsa, sai ladabi ya kai shi ya nuna wa yayansa. Baba Babba ya juya faifan yana kallon fuskarsa a jikinsa, ya ce, "Kayan marigayi a hannun babba suke zama." Ya jefa a aljihu. Daga nan ya shiga akwatinsa na ƙarfe, aka sa kwaɗo.

Mai gari ya sa rana a ƙarshen bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Saura na'urar da za ta karanta faifan a jona ta da ampili kowa ya ji. Baba Babba ya ce sha'anin gida ne, shi zai saya da kansa. Aka tafi da ni Maradi saboda ina aji biyar a lakwal, makarantar boko, ina iya karanta Faransanci, su kuwa ba mai iyawa.

A mota, muna ta tsalle bisa jar hanya, Baba yana yi mini bayani a hankali. Ya ce mai kyau tana da rami biyu, ɗaya na abin sa wa a kunne, ɗaya na layi wanda ake jona wa ampili; idan aka ja sauti ta ramin kunne, lasifika sai ta yi ta ƙugi tana fasa murya. Amma babban abin, in ji shi, ba kowace ke karanta faifan da aka ɗauka a ordinata ba. Waɗansu faifan kamfani kawai suka sani. "Ki duba kwalin da kyau," ya ce. "In tana karantawa, za su rubuta."

Na ji kaina ya yi girma a ranar. Da muka shiga kantin na riƙa bin kwalayen ɗaya bayan ɗaya ina haɗa baƙaƙe da yatsa. Na samo ta. Wata 'yar toka-toka ce, ba kyau ba ƙyalli, murfinta ma ya ɗan goge. Rami biyu gare ta, kuma an rubuta a gefe cewa tana karanta faifan da aka kwafa, ba ta tsalle ko an girgiza ta. Baba ya ɗauke ta ya auna nauyinta a tafin hannu, ya gyaɗa kai.

Baba Babba ko kallonta bai yi ba. Idonsa yana kan wata mai ruwan azurfa, mai ƙananan fitilu da rediyo a jiki. Ya ce a sauko masa da ita.

Mai kantin mutum ne mai gaskiya, Allah ya saka masa. Ya ce, "Alhaji, wagga ta fi kyau a ido, amma tsohon yayi ce. In faifanku na kwafi ne, ba lalle ta karanta ba. Ku kawo shi mu gwada."

"Ba a sakin muryar mamaci a tsakiyar kasuwa," in ji Baba Babba. "Ban ma zo da shi ba."

Na ce, "Baba Babba, ba a rubuta a kwalin wannan ba. Kuma raminta ɗaya ne."

Bai dube ni ba. Sai ya dubi Baba, ya ce, "Ɗiyarka ce za ta zaɓa mini kaya? Abin da ake koya musu a lakwal ke nan?"

Baba ya ce, "Yaya, gaskiya ce ta faɗa. Waccan ta fi dacewa da ampilina."

"Gaban mai gari za a kai. Ba zan kai tarkace gaban mutane ba."

Shi ke nan. Baba ya mayar da 'yar toka-tokar cikin kwalinta da hannunsa, har da gyara mata zama. Shekara nawa yana aiki da waya da dalma, garin nan kaf ba wanda ya kai shi sanin sauti, amma kalma ɗaya ta yayansa ta rufe masa baki. Da muka dawo gida ya roƙa a gwada kafin ranar. Baba Babba ya ce sabon abu ba ya buƙatar gwaji, ya haɗa na'urar da faifan ya kulle.

Ranar ta zo da zafi mai nauyi, iska ba ta motsi. Maza suka zauna bisa tabarmi a ƙofar gidan mai gari, mu mata da yara muna bayan zana. Gwaggo ta sa zanenta ɗaya mai kyau, wanda take zuwa suna da shi. Ta riƙe hannuna, tafinta duk kanta saboda taɓarya. Ta ce mini a kunne, "Yau zan ji muryar babana." Ba ma gonar ta ambata ba.

Baba ya ɗaure lasifika a reshe, ya haɗa batir. Baba Babba ya buɗe akwatin a gaban kowa, ya miƙa faifan kamar mai ba da sadaka. Aka jona waya a ramin kunne, tunda wani ramin babu. Lasifika ta ɗauki ƙugi. Faifan ya juya, muna jin ɗan motsinsa, ƙis, ƙis, ƙis. Ya tsaya. Baba ya buɗe, ya goge shi da hannun rigarsa, ya mayar. Ya juya, ya tsaya. Ta tsakanin karan zana ina hango gumi yana bin wuyan babana. A karo na uku wani daga baya ya ce ko dai marigayin ya fasa magana ne, aka yi dariya. Dattawa masu furfura suka yi dariya, Gwaggo tana ji.

Sai Baba Babba ya gyara zama ya ce, "To, ranka ya daɗe, ga shi nan. Na kashe ƙafa har Maradi na sayo sabuwa dal. Ƙanena ne ya kawo mana faifan da babu komai a ciki."

Na jira Baba ya yi magana. Wallahi na jira. Abin da zai faɗa bai wuce numfashi ɗaya ba: na'urar ce ba ta dace ba, an faɗa wa yayansa tun a kanti. Amma ya sunkuyar da kai yana ta murza wayar da ba ta da laifi. Ni ce na kasa. Na ɗaga murya daga bayan zana na ce, "Na'urar ce! Mai kanti ya faɗa, ni ma na faɗa!" Innata ta toshe mini baki da tafin hannu har haƙorina ya fasa leɓena. Wani tsoho ya ce a fitar da yarinyar nan maras kunya.

Mai gari ya ce shi ba zai yanke hukunci da abin da bai ji ba. A dawo duk ranar da faifan ya yi magana. Kafin nan, gona ta zauna a hannun mai noma ta. Baba ya ɗan ɗago ya ce akwai injin faifai a gidan kallo na Dakoro, watakila ya karanta. Baba Babba ya ce yana raye ba za a kai muryar ubansa inda ake kallon rawa ba. Mutane suka ce ya yi gaskiya, ɗa na gari ke nan. Faifan ya koma akwati.

Kwana uku bayan haka ruwa ya sauka. 'Ya'yan Baba Babba suka shiga gonar gabas da sungumi, daga gawo har suri. Da aka shuka, aka ce a bari a girbe. Da aka girbe, aka ce a bari a huta.

Na sami Baba a gindin bedi na tambaye shi dalilin shirunsa. Ya daɗe yana hura wani rediyo kafin ya ce, "Yayana ne."

Kada ka ce mini Baba Babba bai sani ba, wai ƙyalli ne ya ruɗe shi. Na gwada wa kaina wannan uzurin shekara da shekaru, bai zauna ba. Bai iya karatu ba, gaskiya ne, amma da kunnensa biyu ya ji mai kanti. Ya shiga kantin nan ne yana neman wadda ba za ta yi aiki ba, mu kuma muka nuna masa ita da bakinmu.

Gwaggo ta kwashe yaranta ta koma wajen Azagor, babban ɗanta yana kiwon awakin wani. Can ta rasu, a ɗakin aro. Bayan rasuwar Baba Babba aka buɗe akwatin, na ce a ba ni faifan. Zafin ɗakin kwano ya riga ya gama da shi, bayansa yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Na kai shi ordinatar lakwal ɗin da nake koyarwa. Babu komai.

Yanzu duniya ta sauya. Tsohuwa a ƙauye za ta yi magana a waya, kafin ta rufe baki jikanta a Agadas ya ji. Ba ruwan kowa da ramin layi ko kwalin da za a karanta. Bara da innata ta kira ni ta ce tana so ta faɗi yadda za a yi da ɗakinta da tumakinta, na ɗauki maganar, kafin in tashi daga tabarmar na tura wa 'yan uwana duka, maza da mata, babba da ƙarami. Yayanmu ya kira ni yana faɗa, ya ce kamata ya yi ya fara ji shi kaɗai, ba ni da ladabi. Na ce haka ne, ba ni da shi, kuma ban nema ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: kalmomin Kaka suna nan a kaina, zan iya maimaita maka su yanzu ba tuntuɓe. Amma in na rufe ido ina neman yadda muryarsa take, ko kauri gare ta ko siririya ce, ba na samu. Mutum ɗaya ya kulle ta har ta mutu, gari guda yana yaba masa.