Buhun Algarara a Motar Surukina

Shekarun da aka fara sakin ruwan dam ɗin Goronyo zuwa gonakin rani, duk mai ɗan hali ya sayi injin ban-ruwa, ni kuma na samu abin yi. Rumfata tana bakin hanya a Goronyo, kuma ba yabon kai ba, daga Taloka har Kwargaba in injin mutum ya fara tari ni ake nema. Na kuma taɓa yin shekara biyu a garejin wani mai gyaran na'urar sanyin mota a Sakkwato, abin da nake yawan ambata ko ba a tambaye ni ba.

Surukina, mahaifin matata, mutumin Wurno ne, ɗan gidan malamai da ya koma fataucin albasa kuma Allah ya sa masa albarka. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya shigo wuri ni kan fita, in babu ƙofar fita in durƙusa in ƙura wa takalmansa ido. Na san takalman Alhaji fiye da yadda na san fuskarsa. Shi kuma mutum ne da bai taɓa yin kuskure ba a rayuwarsa, aƙalla ba wanda ya taɓa jin ya ce ya yi.

Da ya sayi mota mai sanyi, sai Wurno ta yi masa kaɗan. Ko Rabah za shi gaisuwa, sai a rufe gilashi ruf, ya kishingiɗa a baya yana kallon masu zufa da tausayi. Wata uku ana wannan sarauta, sai cikin tsakiyar bazara motar ta fara kuka. Wani gurnani ne mai haɗe da ƙara, kamar ana niƙa tsakuwa a injin markaɗe, har awaki kan watse tun kafin ta iso.

Direbansa ne ya kawo mini ita ranar kasuwa. Dattijo ne mai sanyin hali, ya shekara goma sha yana jan motocin albasar Alhaji kafin a ɗaga shi zuwa wannan. Ya fito ya same ni.

"Malam, ka duba ta don Allah," in ji shi. "Alhaji ya ce in dai hannuna ne yal lalata ta, yau in aje mabuɗi."

Na san yana da iyali da yawa, kuma a shekarunsa ba mai sabon ɗaukarsa aiki. Na ce ya tayar da ita.

Ƙarar daga kwamfaresa take fitowa, wato ɗan injin da ke matsa gas ɗin da ke kawo sanyi. Na ɗora tsinin dogon sukundireba a jikinta, na kara ƙotar a kunnena. Na ce ya kunna sanyi, ƙarar ta ɗan lafa. Na ce ya kashe, ta dawo da ƙarfinta. Nan hankalina ya ɗan kwanta, don da cikinta ne ya lalace, sai an kunna za ta yi kuka. Wannan ciwon a gaba yake, wajen ƙarfen da bel ke juyawa. Na sassauta bel ɗin, na juya ƙarfen da hannu, na ji yana gurza. Boris, wato zoben ƙwallayen da ƙarfen ke juyawa a kai, ya tafi.

Da na kwance shi sai na ga abin da ban taɓa gani ba a Sakkwato. Giris ɗin ciki ya wanke tas, tsatsa ta cinye boris, ga kuma wasu zaruruwa ruwan ƙasa sun nannaɗe a bayansa tam. Na zaro ɗaya na murza. Ɗan Goronyo ba ya ɓatan zaren buhun algarara.

Na ɗaga wa direban. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, sannan ya tsuguna kusa da ni.

"Alhaji na," ya ce a hankali. "Ya taɓa bututun can yaj ji shi da sanyi, har shina raɓa awa randa. Sai yac ce ashe nan sanyin ka tahowa, zahin inji ka cinye rabi. Kullum in za mu hita sai ya jiƙa buhu da kainai ya naɗe kwamfaresar, yadda aka yi ma jarkar ruwa. Ni na cire shi kahin in kawo maka."

"Ba ka hana shi ba?"

Na ji kunyar tambayar.

Gaskiya sai da na shige bayan rumfa na yi dariyata ta ishe ni. Abin haushin ma, hankalin Alhaji bai yi nisa da hanya ba. Haka kowa ke sanyaya ruwa a gona, kuma yana yi.

Gyaran bai ba ni wahala ba. Na samu boris daidai da shi a cikin tarkacena, na wanke wurin, na mayar, na ɗaure bel. Motar ta yi shiru, sanyi ya busa. Wahalar tana jirana a Wurno. In na ce tsufa ne kawai, gobe zai sake jiƙa buhu, ƙara ta dawo, a kori dattijo. In na ce buhu ne na yi shiru, mutanen da ke wurin za su dubi direba, kuma Alhaji ba zai cece shi ba. In kuwa na ce Alhaji ne, to na tsinka mahaifin matata a gaban abokansa. Har muka shiga gari ban zaɓi ko ɗaya ba.

Bayan la'asar muka same shi a ƙofar gida kan darduma, dattijai biyar kewaye da shi. Na cire takalmi daga nesa, na durƙusa na gaishe su.

"To, mi kag gani?" in ji Alhaji.

Na fito da dunƙulen zaren daga aljihu na ajiye a bakin dardumar. "Baba, jiƙaƙƙen buhu anka riƙa naɗa mata. Ruwa ya wanke giris, zare ya shige boris."

Na ji idanun dattijan sun koma kan direba, wanda ke tsaye jikin mota da mabuɗi a hannu. Takalman Alhaji ba su motsa ba.

"Wa yay yi wanga aiki?" wani daga cikinsu ya tambaya.

"Ni na," na ji bakina ya ce. "Ni nab ba da shawara tun farko. Na ɗauka za ya ƙara sanyi."

Dariya ta ɓarke. Wani ya ce ashe shekara biyun Sakkwato naɗa buhu aka koyo. Wani ya ce gobe zai kai mini injinsa in ɗaura masa zani. Na san kafin kasuwa ta zagayo labarin zai kai Taloka, kuma ya kai. Har yau akwai tsofaffin da ke kirana mai buhu, ban kuma ce abin bai yi mini ciwo ba.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Yaran yanzu sai a hankali," ya ce. "Direba, kai ta ciki. Gobe da sahe za mu Rabah."

Da aka kira magariba dattijan suka miƙe, ni ma na yunƙura. Sai Alhaji ya ce in dakata. Ya jira har na ƙarshensu ya sha kwana, sannan ya sauke murya.

"Ɗana. Tsakani da Allah, ko kaɗan ba ya ƙara sanyin?"

"Ko kaɗan, Baba."

Ya tura dunƙulen zaren gabana da ɗan yatsa.

"To ɗauki kayanka," ya ce. "Kar ka kuma."