Gilashin da Bai Kwana Ba

Na ga masu yankan gilashi a garuruwa da dama. A Abijan na ga wani yana yanka da sigari a baki. A Lome mai saye yakan tsaya a kanka yana duba agogo kamar mota za ta bar shi. Duk inda na je, da kowane harshe aka yi ƙorafin, abu ɗaya ake faɗa: aiki ya yi jinkiri. Sai da na dawo gida Madarunfa da furfurata na ga an ƙi aiki don ya yi sauri.

Shagon na ɗan ƙanwata ne. Ya daɗe yana yanka gilashin taga da na kabad ɗin jeren amare, yana goge gefen da hannu, da dutse da ruwa a kwano. Falle guda yakan cinye masa safiya, yatsunsa kuma kullum a ɗaure da tsumma. Mai kaya takan zo ta zauna a tabarma, a kawo mata ruwa, tana kallo tana ba da labarin gari har a gama.

Sai ya sayar da shanun nomansa biyu ya sayo tsohon inji, aka shigo da shi ta iyakar Ɗan Isa a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Uwarsa ta yi fushi har ta daina aiko masa da fura. Injin dogo ne kamar jirgin masunta a tafkinmu. A cikinsa duwatsu tara ne a jere suna juyawa, ruwa na zuba musu. Na farko su cinye kaifin, na tsakiya su daidaita, na ƙarshe su goge har ya yi sheƙi. In akwai kuran, wato wutar lantarki, ka tsayar da gilashi a wannan bakin, ya yi tafiyarsa a natse, ya fito can a gyare. Na taɓa ganin irinsa a Turai, shi ya sa na tsaya wa yaron a gaban uwarsa.

Amma ba uwarsa ce abin tsoro ba. Akwai wata Hajiya, taubashiyata, wadda ke haɗa kayan ɗakin amare. Iyaye mata daga nan har Gabi ba sa sayen kabad sai sun ji ta bakinta. In ta yaba injin, shago ya tsaya da ƙafarsa. In ta kushe, shanu sun tafi a banza.

Ranar da ta zo da awon kabad ina zaune a tabarma. Muka fara gaisuwa. Shi kuwa zumuɗi ya hana shi jira, ya yanka ya tura wa inji. Na tambayi gida da yara da gajiya, na tambayi damina. Ina shirin tambayar gwiwarta sai ga shi tsaye a kanmu da gilashi a hannu.

"Inna, an gama."

"An gama mi?"

"Gilashinki."

"Kai ɗan nan, ko ruwan da aka kawo mani ban sha ba!"

Na gyara murya na ce a Turai haka ake yi.

"Rufe mana baki, tsohon yawo," in ji ta. "Ka zaga duniya ka dawo da harsuna cike da baki, ko jaki ba ka koro mana ba."

"Jakin ai na iske shi gida, yana haɗa kayan amare."

Ta kai mani duka da maficinta, sannan ta juya ga aiki. Matan garinmu da gefen mayafi suke gwada gilashi: a ja shi a kan bakin, in ya fizgi zare ko ɗaya, gugar ba ta yi ba. Ta ja, mayafi ya sulale. Ta sake ja daga ɗaya ɓangaren, bai kama ba. Na ga yaron ya fara murmushi. Sai ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Da ɗumi," ta ce. "An fizge shi, bai huce ba. Ranar da aka jera kwanukan amarya a kai ya tsage, sunana za a kira, ba naka ba. Ba ni ɗauka."

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin duwatsu da ruwa. Na taka masa ƙafa.

"Gaskiyarki, Hajiya," na ce. "A bar shi ya kwana."

Muka jingine shi a bango, ta lulluɓe shi da buhu da hannunta, ta gargaɗe mu kada kowa ya taɓa. Washegari ta dawo ta yaye buhun. Ta taɓa, sanyi ƙalau. Ta ja mayafi.

"Yauwa, yanzu ka yi aiki. Ka ga bambanci?"

Ya kalle ni, ya kalli ƙafarsa. Ya ce ya gani.

Kafin kaka ta wuce, mata suna zuwa daga garin Sarkin Yamma suna tambayar shagon da gilashinsa ke kwana. Abin da a da yake yi a mako, yanzu yakan gama shi kafin azahar, sai ya jera a wata rumfa da ya kafa a bayan shago, kowane falle da buhunsa. Magina na Maraɗi sukan kwashi nasu da ɗuminsa, har yau ban ji wanda ya tsage ba. Ban faɗa wa Hajiya wannan ba, don ina son kaina lafiya.

Ni kuma tabarma ta zama tawa. In mai kaya ta zo, ni ke jan gaisuwar, in kai ta har kan kaji da awaki, shi kuma ya koyi jira sai an sha ruwa kafin ya kunna inji. Ƙanwata ta dawo da aiko fura. Kwano biyu take aikowa yanzu, sai dai nawa ya fi ƙanƙanta, wai ni na zuga a sayar da shanu.