Waƙar Faifai a Bakin Ƙofar Masana'anta

Duk wanda ya taɓa sayen gasasshiyar kaza da shinkafa mai danƙo a bakin ƙofar masana'antar nan ta garin Korat ya san Bunsong, tsohon da ba ya ɗaga murya ko ciniki ya yi zafi. Sai dai ba kowa ya san cewa a cikin masana'antar ya ƙare ƙuruciyarsa ba, inda ake haɗa ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta. Aikinsa shi ne canza matatar iska a ɗakin tsabta.

Ɗakin nan kuwa ba a shigarsa sai da farar riga mai rufe mutum ruf, ido kaɗai a waje. Ba hoda, ba turare, domin ƙwayar hoda guda ta isa ta lalata faifan da ke cikin ma'ajiyar. Mutum zai shekara yana aiki da wani bai san hancinsa ba.

A nan ya fara jin muryar mai koyar da sababbin ma'aikata, wadda kowa ke kira Pi Noi, wato Yaya Noi. 'Yan matan da ke zuwa daga ƙauye sunayen kayan na rikita su, sai ta mayar musu da su waƙa: faifai na juyi kan sanda, hannu na ɗauke da kan karatu, kan karatu na bin da'ira yanki-yanki, yana shawagi bai taɓa faifai ba. Ɗangon ƙarshen nan ta fi nanatawa, don ranar da kan nan mai karanta bayanai ya taɓa faifai, bayanan mutane sun tafi.

Bunsong yana kan tsani yana saurare har ya haddace. Ita kuma ta laƙaba masa Kawun Iska, takan ce ya sauko a hankali kada ya faɗo mata kan faifai. Iyakar hirarsu ke nan, amma shi zuciyarsa ta riga ta tafi.

Kwatsam sai ta daina shigowa. Ya ji 'yan mata na cewa za a mayar da ita sabon reshe a garin Prachinburi ƙarshen wata. Bai san fuskarta ba, kuma masu suna Noi a masana'antar sun fi a ƙirga. Da ya yi ta maza ya tambayi wata, sai ta nuna masa mai shara, tsohuwa mai jikoki, suka bushe da dariya.

Ranar nan da aka tashi aikin yamma ya tsaya a bakin ƙofa, ya rera ɗangon farko da ɗan ƙarfi, yana tsammanin mai waƙa za ta waiwayo. Ai kuwa sai mata tuli suka amsa masa gaba ɗaya, suna tafi, har da mai sayar da gwanda. Ashe duk ma'aikatan nan ita ta koyar da su. Ya koma gida kunya kamar ta kashe shi.

Ya kwana biyu yana juya abin. Sannan ya koma ƙofar, ya sake rerawa, matan suka kama. Da aka zo ƙarshe ya riga su, ya ce kan karatu na zaune daram a kan faifai.

Wasu suka yi dariya suka wuce. Amma wata gajeruwa mai ledar taliya a hannu ta ratso taron ta tsaya gabansa, fuska ba walwala.

"Wane ne ya koya maka haka? Zaune? Ka san asarar da wannan zaman ke jawowa?"

"Na sani, Pi. So nake ki gyara mini."

Ta dubi idonsa, ta sake duba. "Kawun Iska? Ashe gashin baki gare ka. Ni na ɗauka kyakkyawa ne."

Ya ce ita ma ya ɗauka ta fi haka tsawo. Ta ce ya rufe mata baki ya riƙe ledar, hannunta ya gaji. A hanya ya ji cewa sunanta na yanka Lamduan.

Ta tafi Prachinburi kamar yadda aka tsara, shi kuma ya san motar can kamar ɗakinsa saboda yawan zuwa wurinta. Bayan damina aka ɗaura musu zaren aure a wuyan hannu gaban dangi, kamar yadda al'adarsu take, kuma ranar ce ya fara ganinta da hoda. Daga baya ta nemi a dawo da ita Korat.

Yanzu ita ke kan kuɗin rumfa, shi yana fifita gawayi. Sabuwar ma'ajiyar bayanai, 'yar ƙwayar da ba ta juyi, ta ci kasuwar faifai sosai, sababbin ma'aikata ma ba su san waƙar ba. Amma in rumfa ta yi shiru, Bunsong yakan rera ta ƙasa-ƙasa, ya ɓata ɗangon ƙarshe da gangan. Lamduan ba ta ko ɗago kai, sai ta gyara masa.