Matar da Ta San Cimar Ƙwayoyi

Shekara talatin Marlys Zastrow ta yi ita kaɗai a ɗakin gwajin kamfaninmu na kindirmo a Wisconsin, tana kiwon ƙwayoyin da ke sa madara tsami. Ta san cimar kowacce: wata sukarin madara take so, wata ba ta hayayyafa sai an ba ta garin saiwar wani tsiro da ake kira cikori.

Ranar da ta yi ritaya muka kai mata kek, an lafta masa sukari. Ta yanka wa kowa, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Na ce, "Marlys, ba kya ci?"

Ta ce, "Haba 'yar nan, ciwon sukari gare ni tun kafin a ɗauke ki aiki."

Mu arba'in, babu wanda ya sani.