Ranar da Aka Yi wa Distiributa Walda a Rano

Mun bar Kano da idar da sallar asuba, mu uku a cikin tsohuwar motata: ni a kan sitiyari, ɗan ƙanwata a gefena rungume da kwamfutarsa, sai wani taubashina a baya, wanda ya ce ya biyo mu ne domin ya shaida yadda za a jawo mu gida da igiya. Kibiya muka nufa, gaida yayata. Sai dai ba zan ɓoye wa masu karatu ba, tafiyar jarrabawa ce.

Motar nan tun ina aiki a sashen kula da motocin gwamnati na saye ta, kuma ban taɓa barin hannun wani ya shiga injinta ba. Da kafiretarta, wato na'urar da ke haɗa wa inji mai da iska, ta gaji, kayanta suka yi wuyar samu, 'ya'yana suka yanke shawarar a miƙa motar ga 'yan gwangwan. Ɗan ƙanwata, wanda ya karanci lantarkin mota, ya roƙi a ba shi dama ya mayar da ita mai injekta, wato ya sa mata bututun fesa mai da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi. Aka yi sharaɗi a gaban kowa: idan ta je Kibiya ta dawo da ƙafarta, ta zauna, idan aka jawo ta, ta tafi. Na amince, amma na naɗe tsohuwar kafiretar a tsumma na ɓoye a ɗakina, ina mai niyyar in mayar da ita idan hankalin yara ya ɗauke.

A cikin gari motar ba ta nuna aibi ko ɗaya ba. Makulli ɗaya ta tashi, abin da ta daɗe ba ta yi ba. A Karfi muka tsaya muka sayi gasasshiyar masara. Ban san inda ake gasa masara kamar Karfi ba: ƙwayar ta nuna har ciki, ba ta ƙone ba, farashinta kuma bai kai na birni ba. Daga nan muka karya kwana muka kama hanyar Bunkure. Lokacin kaka ne. Shinkafa ta yi jawur a fadamu, an yanke gero an jingine, dawa kuwa tana tsaye ta fi mutum tsawo. Duk wanda ke cewa mutanenmu ba sa aiki, a ɗauko shi a bi da shi ta wannan hanya.

Da hanya ta buɗe na taka totur, sai na ji abin da kunnena ya tsana tun ina makarantar koyon sana'a: wata 'yar ƙara a cikin inji, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Idan na sassauta ƙafa ta ɗauke, idan na taka ta dawo. Ma'anarta, wuta tana isa fulogi kafin lokacinta, mai yana fashewa fistin bai gama hawa ba. Injin da aka matsa wa a haka, fistinsa hujewa yake yi.

Na ce, "Taimin ɗinka ya yi gaba."

Ɗan ƙanwata ya duba kwamfuta ya ce, "Kawu, ga shi nan a rubuce, daidai yake."

Taubashina ya leƙo daga baya da masara a baki ya ce, "Ai ba injin ba ne, haƙoran tsohon ne ke kaɗawa."

Allurar zafi ta fara ɗagawa, saboda haka na lallaɓa motar a hankali, masu babur ɗauke da buhuna suna wuce mu, har duwatsun Rano suka bayyana.

Rano gari ne mai kwarjini. Duwatsun nan sun kewaye shi kamar an jera su da hannu, mutanensa kuma ba su da gaggawar magana. Wani mai shayi ya kwatanta mana garejin wani bakanike a ƙarƙashin darbejiya, bayan tasha. Muka tarar da mutum mai matsakaicin shekaru, kayan aikinsa a jere kan buhu, kowace sifana a gurbinta. Wannan kaɗai ya sa na ji zan iya buɗe masa bonet. Ya saurari bayanina har ƙarshe, ya saurari na ɗan ƙanwata har ƙarshe, sannan ya ce, "Alhaji, kunnenka ya faɗi nasa, na'ura ta faɗi nata. Bari mu tambayi injin da kansa."

Ya goge fuli, wato faifan da ke juyawa a gaban inji, ya ja masa layi da alli, ya ɗauko fitilar taimin mai walƙiya, wadda ke sa layin ya zama kamar a tsaye yake alhali inji na gudu. Ɗan ƙanwata ya umarci ƙwaƙwalwar motar ta tsayar da lokacin wuta wuri ɗaya, kada ta ƙara, kada ta rage. Idan komai lafiya, layin allin ba zai motsa ba ko an taka totur. Ni aka sa na taka. Ina takawa, bakaniken ya kira ni da hannu, taubashina ya karɓi totur ɗin, na zagayo na gani da idona: layin yana tafiya gaba, yana tafiya, kamar mai gudun bashi.

Ɗan ƙanwata ya ce, "Ba ni na ba shi wannan umarnin ba. Kuma na cire tiyon iskar da ke jan distiributa tun a Kano."

Nan take na san mai laifin, domin na san cikin distiributar nan fiye da aljihuna. Distiributa ita ce ke raba wuta ga fulogai. A ƙarƙashin farantinta akwai wasu ƙananan ƙarafa biyu masu nauyi, ɗaure da sifirin. Idan inji ya ɗauki gudu sai su buɗe, su tura lokacin wuta gaba. Aikinsu ke nan tun ranar da aka ƙera su, kuma ba su taɓa saɓa mini ba. Yanzu ƙwaƙwalwa tana tura wuta gaba, su ma suna turawa, kowa bai san da ɗan'uwansa ba. A cunkoson birni ba a gudu, shi ya sa ba su tona kansu ba sai a hanyar Rano.

Bakaniken ya zare distiributar, ya buɗe ta a kan tsumma. Da ya ga yadda cikinta ke sheƙi, ya dube ni ya ce, "Wa ke yi mata hidima?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ma sha Allahu." Sannan ya faɗi abin da nake gudu: dole a kulle ƙarafan nan, kuma kullewar da ake dogara da ita walda ce.

Na ce, "A ɗaure su da waya mana."

Ya ce, "Ana yi, Alhaji. Amma ranar da wayar ta kwance, a ciki za ta kwance, kana bisa hanya."

Na san gaskiya ya faɗa. Na kuma san abin da walda ke nufi: distiributar ba za ta sake aiki da kafireta ba har abada, abin da na ɓoye a ɗaki ya zama ƙarfen banza. Suka bar ni na yi tunani. Na dubi motar, na tuna sharaɗin da aka yi, na ce, "A kai wa mai walda."

Mai waldan, wanda yawancin aikinsa gyaran injinan ban-ruwa ne, ya ɗiga wuta sau biyu, ɗigo ƙanana masu tsabta kamar ɗinkin hula. Aka mayar da distiributar. Ɗan ƙanwata yana karanto abin da ƙwaƙwalwa ke faɗa, bakaniken yana haska fitila, ni ina juya jikin distiributar kaɗan-kaɗan har layin alli ya zauna inda ake so. Na ɗaure noti da hannuna. Aka taka totur, layin ya tsaya cik.

Daga Rano zuwa Kibiya ba nisa, amma akwai 'yan hawa da suka isa gwaji. Na taka sosai, na kasa kunne. Babu tsakuwa, babu gwangwani. Mun tarar da Kibiya cike da hada-hadar kaka, buhunan hatsi da kwandunan tattasai a bakin hanya ana jiran motocin Kano. Yayata ta fito har ƙofar gida da sandarta, ta dubi motar ta ce, "Kai har yanzu wannan akwalar? Na ɗauka tare kuka yi ritaya." Ta ciyar da mu tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa da man shanu, aka biyo da furar da wata Bafulatana maƙwabciyarta ta dama. Taubashina ya ci har ya nemi tabarma.

Bayan la'asar muka juyo. A Rano na tsaya na yi wa bakaniken godiya, daga nan kuma na miƙa wa ɗan ƙanwata makulli, na koma kujerar gefe. Muna shiga layinmu kafin magariba, na hango babban ɗana a ƙofar gida yana leƙen bayan motar, ko zai ga igiya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, inji ba ya ɗaukar masu ba da umarni biyu, ko da dukansu daidai suke faɗa. Distiributar tana nan a gurbinta, tana raba wuta kamar kullum, amma yanke lokaci ya koma hannun wani. Motar ta zauna. Kafiretar kuwa, washegari na fito da ita da kaina na ba 'yan gwangwan.